Wa Ya San Abin Da Yaranmu Ke Bugawa A Waya?

Maganar nan ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk lokacin da aka ta da zancen gem ɗin ban tsoro da yara ke bugawa, sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce aljanu ne a ciki, a ƙwace wayar, a zane yaron, shi ke nan. Wasu kuma su ce ai wasa ne, mu ma da tatsuniyar Dodo muka girma. A ganina duka biyun gudun aiki ne, domin babu wanda ke tilasta wa uba ya zauna ya duba abin da ke cikin wayar.

Bari in fara da masu cewa tatsuniya ce. Kaka ce ke ba da tatsuniya, tana kallon fuskar jikanta, in ta ga ya razana sai ta sassauta, ta rufe da ƙurunƙus. Gem ɗin Granny, wanda ya fito a 2017, shi ma tsohuwa ce a ciki, amma ita kulle mutum take a gida tana farautarsa da gora, in ya yar da wani abu ta ji motsi ta taho. A Five Nights at Freddy's na 2014, 'yan tsanar dabbobi ne ke faɗo wa mutum a fuska da kururuwa. Poppy Playtime na 2021 kuwa shuɗin ɗan tsana ne mai baki cike da haƙora. Da kamannin kayan wasan yara aka yi su, shi ya sa uwa za ta leƙa ta ɗauka katun ne ta wuce. Ɗan shekara 7 yana ƙarƙashin zane da tsakar dare, iyafis a kunne, ina kakar da za ta sassauta masa?

Su kansu ƙasashen da ke ƙera waɗannan wasanni ba su ce na kowa ne ba. A 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat, a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa kowane gem alamar shekaru. Turai ta fito da nata ma'aunin, PEGI, a 2003: shekara 3, 7, 12, 16 da 18. Irin wannan lamba tana rubuce a ƙarƙashin sunan gem a Play Store na wayar da ke aljihunka. Resident Evil na 2017 da na 2021 duk na 'yan shekara 18 ne. Mu nawa muka taɓa dubawa? Mukan duba ranar lalacewar maganin feshi kafin mu kai gona, amma wannan lamba ko kallo ba ta ishe mu ba.

Ga kuma abin da ya fi shafar mu a nan. Yawancin gem ɗin yaranmu ba ta Play Store suke shigowa ba. A shagon caji ake tura su, ko aboki ya tura wa aboki ta Xender ba tare da an kashe ko sisin data ba, wani lokaci ma a cikin wayar hannu da aka sayo daga Farm Centre a Kano ake tarar da su. To, makullin da ka sa a Play Store bai tare wannan ƙofa ba. Jihar Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, madalla, amma doka ba ta shiga ɗakin kwana, ba ta zama a bencin gidan gem ranar kasuwar Sara.

Masu cewa aljanu ne, ku ma ku saurara. Ku tuna da hoton Momo da aka yi ta yaɗawa a WhatsApp a 2019, ana cewa tana umartar yara su kashe kansu. Ƙungiyoyin kare yara a Ingila sun fito sun ce babu shaidar hakan, iyaye ne da kansu suka fi yaɗa tsoron. Muna bin inuwa, mutum mai jini a jika yana shigowa ta baya. Wasanni irin su Roblox suna da wurin hira, inda babban mutum zai iya cewa shi yaro ne. Saboda kare yara ne Turkiyya ta toshe Roblox a watan Agustan 2024. Yaron da aka zane don ya ce ya yi mugun mafarki, ranar da baƙo ya nemi hotonsa ko ya yi masa alkawarin kati, wa zai faɗa wa? Bulala ba ta hana shi bugawa, gidan abokinsa kawai take kora shi.

Abin da nake roƙon dattawa ba mai tsada ba ne. Matasanmu sun san Family Link na Google, wanda ke ƙayyade awoyi da irin manhajar da yaro zai sauke. A ba su rabin awa bayan sujada su nuna wa iyaye, da Hausa, waya a hannu. Waya ta riƙa kwana a ɗakin iyaye. Uba ya ce wa ɗansa ya buga gem ɗin a gabansa, ya tambaye shi da wa yake hira, ba da tsawa ba. In yaro ya yi makonni yana firgita cikin barci ko ya koma fitsarin kwance, a yi addu'a, a kuma kai shi asibiti, Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan a Birnin Kudu.

Masu shagon caji da gidan gem, wasunku tare muke zama ranar Lahadi. Naira nawa ce a tura wa ɗan firamare gem ɗin manya? Kuma tunda yaranmu da na maƙwabtanmu Musulmi waya ɗaya suke leƙawa a ƙofar gida, dattawa su je wurin mai unguwa a kira masu shagunan nan gaba ɗaya, a tsayar da shekarun da ba za a tura wa yaro irin waɗannan wasanni ba.