Na'urar Sauraron Jariri: Gidan Mai Jego a Azare Yana Buƙatarta Kuwa?

Yau maganar tawa a kan tsaraba ce. Duk wanda ya taɓa zama a Ingila ko Amurka ya san jerin kayan da ake cewa sai an tanada kafin haihuwa: gadon jariri, kujerar mota, keken turawa, sai kuma na'urar sauraron jariri. Wannan ta ƙarshen kala biyu ce a haɗe, ɗaya a ajiye kusa da jariri, ɗaya a hannun uwa, da ya motsa ko ya yi kuka sai ta ji, wata ma har ta gan shi a allo. Yanzu ta fara shiga akwatunan masu dawowa gida, kuma 'yan uwa da ke waje suna aiko da ita a matsayin kayan barka. Tambayar da ake yawan yi ita ce, wace iri ce ta fi kyau? Ni kuwa a ganina akwai tambayar da ta riga wannan: a gida irin namu na Azare ko Katagum, wane aiki za ta yi?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ga mafi yawan gidajenmu ba ita ce abin fara saya ba. Ga wasu 'yan gidaje tana da amfani, amma mai sauƙin ce ta fi dacewa da mu, ba mai tsadar ba. Bari in kawo dalilaina.

Daga ina ta samo asali?

A 1932 aka sace jaririn fitaccen matuƙin jirgin saman nan na Amurka, Charles Lindbergh, daga ɗakin da yake kwance shi kaɗai a saman bene, iyayen suna cikin gidan ba su sani ba. Lamarin ya girgiza iyaye a ƙasar. A 1937 kamfanin rediyo na Zenith ya ƙera na'urar da ya sa wa suna Radio Nurse, wadda ake ɗauka ita ce ta farko. Mai karatu ya lura da abu ɗaya: an ƙirƙire ta ne don gidan da jariri ke kwana a ɗakinsa daban, uwa da uba suna wani ɗakin. Kunne ce ta aro ga wanda ya yi nisa da ɗansa.

To mu fa? A nan mai jego ba ta rabuwa da jaririnta. In haihuwar fari ce, sau da yawa gidan iyayenta take komawa wankan jego har ta yi arba'in. In ma a ɗakinta take, za a turo mata wata dattijuwa, gwaggo ko inna ko kaka, ta zauna da ita. Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna ɗakin ba ya rabuwa da 'yan barka. Bayan ya yi ƙwari kuma yana goye a baya, tana jin numfashinsa a jikinta. Wace na'ura ce za ta fi wannan kusa?

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, likitocin can ma nan suka dawo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2016 da na 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata 6 na farko, a kan shimfiɗarsa daban, domin hakan yana rage haɗarin mutuwar fuju'ar da ke samun jarirai cikin barci. Wato abin da muke yi kyauta tun kaka da kakanni, shi ake roƙon iyaye su yi a can. Sai ga mu muna biyan kuɗin jirgi muna shigo da maganin ciwon da ba mu da shi.

Tana jin kuka, ba ta jin ciwo

Babban abin da ke damuna shi ne kwanciyar hankalin ƙarya. Na'urar tana sanar da kai in jariri ya yi kuka. Amma jaririn da ke cikin haɗari galibi ba mai tsala kuka ba ne, wanda ya yi shiru ne, ya saki jiki, ya daina kama nono. A kunnen na'ura wannan yaro barci yake yi lafiya lau.

Wani zai ce ai akwai sababbi, masu kama da safa, da ake sa wa jariri a ƙafa suna auna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini suna turawa waya. Haka ne. Amma a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanin Owlet cewa yana sayar da irin wannan safa ba tare da izinin da ake ba kayan asibiti ba, har ya janye ta daga kasuwar ƙasar. Sai a 2023 wani sabon samfurinsa ya sami amincewa. Duk da haka ƙungiyar likitocin yaran ba ta ba da shawarar a dogara da na'urorin gida don kare jariri daga mutuwar fuju'a. Abin da ya rage mutuwar da fiye da rabi a Amurka ba na'ura ba ce, gangami ne da aka fara a 1994 na kwantar da jariri rigingine maimakon rub da ciki. Ko kwabo ba a kashewa a wannan.

Sannan a ce safar ta yi ƙara da ƙarfe biyun dare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Zaki. Sai me? Ƙararrawa ba ta da amfani in babu abin hawa, babu mai a tanki, babu kuɗi a hannu. A damunar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Wanda ya san ƙasar nan ya san tsakanin gane ciwo da isa babban asibitin tarayya na Azare, nan ne ake rasa yara.

Abin da ke ɗauke mana jarirai

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda. Manyan dalilan sanannu ne: haihuwar bakwaini, wahalar numfashi lokacin haihuwa, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini, sau da yawa ta cibiya. Ga kuma shawara mai tsanani da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Babu ɗaya cikinsu da na'urar sauraro ke ganowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa alamomin da in aka ga ko ɗaya a jariri, asibiti za a nufa ba tare da jiran gari ya waye ba:

1. Ya ƙi shan nono ko ya kasa tsotsa.
2. Yana jijjiga ko taune-taune.
3. Numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti guda.
4. Ƙirjinsa yana lotsawa ciki sosai in ya ja numfashi.
5. Zafin jikinsa ya kai 37.5, ko ya sauka ƙasa da 35.5.
6. Ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ko an taɓa ma ba ya yi.
7. Jikinsa ya yi rawaya a ranar farko, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya a kowane lokaci.

Duba jerin nan da kyau. Ido ne, da hannu, da agogo, da ma'aunin zafin jiki. Gani ya kori ji.

Amma kada mu yaudari kanmu

Kada wani ya ɗauka ina cewa al'adarmu ta wadatar. Kakar da ke zaune da mai jego tana gani sarai, sai dai wani lokaci abin da take yi da abin da ta gani shi ne matsalar. In sanyin Disamba da Janairu ya shigo, ana shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Hayaƙin gawayi yana da guba marar wari da ke kashewa cikin barci, haka hayaƙin janareta in an ajiye shi a baranda kusa da taga. Ana gasa cibiya da tsumma ko a shafa mata abubuwan da ke jawo cuta, alhali akwai man chlorhexidine da gwamnati ta amince da shi don cibiya (cibiya kawai, kada ya kusanci ido). Ana zuba kafur a kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso, alhali yana iya tayar da shawara mai tsanani ga yaran da jininsu ba ya jure shi, kuma irin waɗannan yara ba kaɗan ba ne a cikinmu. Ana kiran wanzami ya cire beli. Ana ba jariri ruwa a zafin Afrilu, alhali nono kaɗai ya ishe shi har wata 6. Ana ɗura masa jiƙe-jiƙe in ya yi rawaya, har kwana uku su wuce.

Kwana gado ɗaya ma yana da nasa haɗarin, musamman a katifa mai laushi da tarin filo da bargo, ko in uwar ta gaji likis. Ƙaramar shimfiɗa mai ƙarfi a gefen gadonta, a cikin gidan sauro, ba filo, a kwantar da shi rigingine, ita ce ta fi.

Saboda haka gyaran da muke buƙata ba musanya kaka da na'ura ba ne. A zaunar da ita cikin ladabi a ce, "Inna, ga abin da ma'aikatan asibiti suka ce a riƙa dubawa, ke ce za ki fi mu lura." In ta riƙe alamomi bakwai ɗin nan, babu na'urar da ta kai ta.

Su wa take wa amfani?

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Azare ta yau ba ta da ba ce. Ga ma'aikatan asibiti, ga malaman kwalejin ilimi ta Aminu Saleh, ga na jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da aka kafa a 2021, ga na jami'ar jiha da ke Gadau. Da yawansu baƙi ne a garin, suna zaune a gida mai katanga da get, miji ya fita aiki, matar ita kaɗai bayan arba'in. Kicin yana can baya, ko tana wanki a tsakar gida, janareta na ruri, ba za ta ji kuka ba. Ga irin wannan gida na'urar tana da amfani da rana. In za a saya, ga abin da zan ce a duba:

Na farko, batir. Wutar NEPA, kamar yadda har yau muke kiranta ko da sunan ya canza, ba abin dogaro ba ce. A nemi wadda ɓangarorinta biyu ke aiki da batir ko ake caja su da abin cajin waya. Da yawa ɓangaren uwa ne kawai ke da batir, na wajen jaririn sai an jona. Da an ɗauke wuta ta mutu, ke kuwa kina can kina zaton shiru lafiya ne. A zaɓi wadda ke yin ƙara in sadarwa ta yanke.

Na biyu, mai sauti kawai ta wadatar. Mai kamara tana cin batir, ta fi tsada, ta fi saurin lalacewa a ƙurar hunturu da zafin bazara da ke haura 40.

Na uku, a guji mai buƙatar intanet. Ban da kuɗin data da rawar sabis, akwai maganar sirri. A 2013 a birnin Houston na Amurka wani ya kutsa cikin kamarar ɗakin wata yarinya ta intanet, har yana magana ta ciki. Ɗakin mai jego wurin shayarwa ne da sauya kaya. Wane magidanci ne zai so a leƙa masa shi daga wata duniya? Tsofaffin samfura masu aiki kamar rediyo su ma maƙwabci na iya kama sautinsu. A nemi mai tsarin DECT, wadda ke magana kai tsaye tsakanin ɓangarorin biyu.

Na huɗu, kada nisan da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. A fili ake auna shi. Bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna rage shi ƙwarai, don haka a gwada a gidan kafin a dogara.

Na biyar, masu sayowa daga Amurka su duba caja. Wutarsu 120 ce, tamu 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinta ba, jonawar farko za ta ƙone. Kayan Ingila ba su da wannan matsala, har bakin soket ɗinmu ɗaya.

Na shida, waya. A 2011 kamfanin Summer Infant ya yi kiranye kan na'urori kimanin miliyan 1.7 a Amurka bayan wayar ta shaƙe jarirai biyu. A nisanta kowace waya daga shimfiɗar yaro da aƙalla mita 1.

Ga masu aiko da tsaraba

'Yan uwa na waje, niyyarku mai kyau ce, Allah Ya saka da alheri. Amma in ƙanwarku ta haihu a Azare ko Katagum ko Madara ko Chinade, kuɗin na'ura mai kamara zai sayi abubuwan da suka fi ta: ma'aunin zafin jiki, gidan sauro mai magani, man cibiya, fitila da fanka masu caji da hasken rana. Ragowar a ajiye shi da sunan kuɗin mota na dare, a kuma san lambar direban da za a kira. A tabbatar an yi wa yaro rigakafin ranar haihuwa, na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta, an kuma koma awo a rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 zuwa 14, da mako na 6. In bakwaini ne ko ƙaramin jariri, a koya wa uwar rungume shi fata da fata a ƙirji, dabarar da aka fara a wani asibiti na Bogota a ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai, yau kuma duniya ta karɓe ta.

In an gama waɗannan kuɗi ya ragu, gidan kuma irin mai buƙata ne, to a sayi na'urar, mai sauti, mai batir. Ba haramun ba ce. Amma a sanya ta a matsayinta: 'yar aike ce, ba ungozoma ba.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba masu jego lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.