Wasiƙa ga makanikan jiragen ruwa masu filafilai: neman inda dizal ke yoyo

Zuwa ga makanikai da yaran shagonsu masu gyaran ƙananan injinan jirgin ruwa,

Injin da ke cikin ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai ba babba ba ne. Galibi silinda ɗaya zuwa huɗu gare shi, irin su Yanmar 1GM10 da 2GM20, ko Volvo Penta 2002, ko tsohon Perkins 4.108, ko Beta Marine wanda asalin gangar jikinsa ta Kubota ce. Wanda ya saba da janareta ko ƙaramar tarakta ba zai ga baƙon abu a jikinsa ba. Wurin zamansa ne ya bambanta. Yana cikin ɗan akwati ƙarƙashin matakala, inda hannu ke shiga da ƙyar, kuma babu ƙasar da za ta shanye abin da ya ɗiga. Man yakan taru a kwarmin jirgi ya gauraye da ruwa, warinsa ya kama katifa da abinci, daga baya famfon da ke kwashe ruwan kwarmin ya watsa shi cikin teku, abin da dokokin ƙasashe suka haramta. Dizal ba ya saurin kama wuta kamar fetur, sai zafinsa ya haura kusan digiri 55 yake fitar da tururin da wuta ke kamawa, amma bututun hayaƙi ya fi haka zafi nesa ba kusa ba.

Man yana tasowa daga tanki, ya bi ta filta ta farko mai raba shi da ruwa, ya isa ƙaramin famfon da ke jawo shi. Daga nan sai filta ta biyu da ke jikin inji, sai famfon injekta, sai siraran bututun ƙarfe masu kai shi nozul. Abin da ya yi saura yana komawa tanki ta tiyon dawowa. Ƙaramin famfon nan shi ya raba hanyar gida biyu. Kafin a kai gare shi zuƙo man ake yi, saboda haka idan tanki yana ƙasa da inji, kafar da ta buɗe a wannan ɓangare iska take sha, ba lalle a ga ko ɗigo ba. Bayansa kuwa tura man ake yi, kowace kafa waje take zubarwa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar sifana tun ba a ga kafar da ido ba. Dizal yana da naso, yana bin jikin bututu da waya ya yi tafiya mai nisa, ga iskar bel tana kaɗa shi gefe. Kamar rufin soro ne da damina: inda ruwa ke ɗiga a tsakar ɗaki dabam, inda rufin ya tsage dabam. Don haka aikin farko wanki ne. A goge injin sarai da maganin cire maiƙo, a bar shi ya bushe, a shimfiɗa farar takarda ko tishu a ƙarƙashinsa. Sannan a barbaɗa farar hoda a kan kowace mahaɗa, ko a naɗa mata ɗan tishu. A tayar da inji, a riƙe tocila da ɗan madubi, a jira. Wuri mafi tsawo da hodar ta fara jiƙewa shi ne abin tuhuma. A Birtaniya da Amurka, inda ake sayar wa jirage dizal mai jan rini, tabon yana fitowa ɓaro-ɓaro, amma ko mara rini ba ya ɓuya a farar hoda. Wani yoyon ba ya nuna kansa sai inji ya yi zafi yana jan kaya, don haka a ɗaure jirgi da kyau a gaɓa, a sa giya, a ba shi kamar rabin sa'a.

Mafi yawan lokuta binciken yana ƙarewa ne a kan ƙusar nan mai rami a ciki, wadda ke ɗaure kan bututu a jikin filta ko famfo, da wasa biyu na jan ƙarfe sama da ƙasa. Jan ƙarfe mai laushi ne, shi ya sa yake toshe mahaɗa idan an matse shi, amma da zarar an matse shi sau ɗaya ya taurare. Makanikin da ya kwance ya mayar da tsohon wasa zai ga naso, ya ƙara ɗaurewa, nason ya ƙi tsayawa, ya sake ƙarawa, har ƙusar ta karye a cikin ramin ko zaren alminiyum ya cinye. Daga nan gyaran wasa ya koma sayen kan filta sukutum. Sabon wasa ne magani, kuma bai kamata akwatin kayan aikin jirgi ya rasa girma dabam-dabam ba. In dole ta kama a tsakiyar ruwa, ana iya gasa tsohon a wuta har ya yi ja, a bari ya huce, a goge fuskarsa a kan takardar yashi mai laushi, sai laushinsa ya dawo. Haka kuma ɗan notin fitar da iska da ke saman filta: shi ma yana da wasansa, kuma yawan buɗewa da rufewa na cinye zarensa.

Idan yoyon ya fara ne bayan canjin filta, a fara duba zoben roba. Irin filtar CAV mai kaskon gilashi a ƙasa ta yi suna wajen wannan, domin zobbanta sun yi kama da juna, kuma na sama yakan zauna a karkace ba tare da an gani ba. Wani lokaci tsohon zoben yana maƙale a raminsa, a ɗora sabo a kansa.

Akwai yoyon da ba ya taɓa ƙasa, kuma ya fi sauran haɗari. Ƙaramin famfon jawo mai yana aiki da wani tantanin roba. Idan ya fashe, dizal yakan gangara cikin baƙin man inji. Alamarsa geji ya nuna mai yana ƙaruwa ba wanda ya zuba, ya tsinke, yana warin dizal. Man da ya tsinke ba ya kare ƙarfe daga cin juna. Idan kuma ya cika fiye da kima, inji na iya fara zuƙarsa yana ƙonawa, ya yi ta gudu ko an kashe shi. A irin wannan hali toshe mashigar iska da katako ne ke tsayar da shi, ba da tafin hannu ba. A canja famfon, a juye man, a sa sabuwar filtar baƙin mai.

Ɓangaren nozul yana son natsuwa. A waɗannan injina ƙarfin turin man yana haura bar 150, kuma feshin da ke fita ta ɗan tsagu yana iya huda fata ya shige nama. Raunin yakan yi kama da sukar allura, amma aikin likitan tiyata ne nan take, domin jinkiri na iya jawo asarar yatsa. Ba a laluben wannan wuri da hannu, kwali ake karawa a ga inda ya jiƙe. Bututun da ya tsage ba a yi masa walda, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi don ya kai. Sabo ake sawa, tare da mayar da maɗauran da ke hana shi jijjiga, domin rashinsu ne ke tsaga shi tun farko. Wajen kwance notinsa a kan famfon injekta a yi amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe na ƙasa don kada ya juya. Idan nason daga jikin famfon kansa yake, kamar yadda famfon CAV na Perkins 4.108 ke yi a gindin sandar totur, zobban roba ne suka gaji. Buɗe cikinsa aikin shagon injekta ne mai tsabta da na'urar gwaji. Tiyon dawowa kuwa, da yake yana kwance kan zafin inji, yakan bushe ya tsattsage, kuma sau da yawa shi ne ke jiƙa nozul har a ɗora wa nozul laifi.

Shan iska alamunsa dabam ne: inji ya ƙi tashi da safe, ko gudunsa ya riƙa hawa da sauka, ko ya mutu bayan 'yan mintoci. Ana gane shi ta sa guntun tiyo mai garai-garai kafin ƙaramin famfo, a duba ko kumfa na wucewa, sannan a riƙa matsar da shi baya mahaɗa bayan mahaɗa. Wata hanyar ita ce ba inji mai kai tsaye daga jarka mai tsabta. Idan ya daidaita, matsalar tana tsakanin tanki da famfo. A nan a tuna cewa jirgi mai filafilai yana karkata gefe idan iska ta cika shi. Tankin da man cikinsa ya yi ƙasa yana iya barin bakin bututu a fili na ɗan lokaci, ya sha iska alhali babu kafa ko ɗaya. Cikakken tanki kuwa yakan zubar ta tiyon shaƙar iska, ko ta murfin dubawa da na ma'aunin mai, wuraren da a gaɓa suke a bushe.

Idan inji a bushe yake amma kwarmi na ci gaba da tara mai, sai a koma kan tanki. Ruwan da ke kwanciya a gindinsa yana cin alminiyum da ƙarfe daga ciki, danshin da ke maƙalewa tsakaninsa da katakon da yake zaune a kai yana ci daga waje. Liƙi da gam ba ya daɗewa a nan, fitar da tankin ake yi. Tiyon da za a sa kuma ya zama na man jirgi mai jure wuta, wanda aka rubuta ISO 7840 A1 a jikinsa, da kilif mara tsatsa. Dizal ɗin Turai na yanzu yana iya ɗauke da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, wanda ke lalata tsofaffin robobi. Farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa ba shi da wuri a hanyar dizal, domin ɓarɓashinsa na iya toshe famfon injekta.

Bayan gyara a fitar da iska daga filta zuwa famfo, a sake wanke injin, a sake barbaɗa hoda, a gwada shi da giya. Man da ya riga ya zuba a kwarmi a tsane shi da ƙyallen da ke shan mai ya bar ruwa, a kashe famfon kwarmi har a gama, a kai sharar tudu. Washegari a sake leƙa takardar da ke ƙarƙashin inji da gejin baƙin mai kafin a miƙa wa mai jirgi makullinsa.