Ziyara a Makka da Madina: direba daban, jagora daban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan maniyyata suka fara shiri, akwai tambayar da ake yi mini a nan Farin Dutse, har ma da 'yan'uwa daga Gwaram da Birnin Kudu: "Malam, in mun sauka Madina, mu ɗauki hayar mota da mai zagayawa da mu, ko mu bi ayari?" Amsata ita ce a fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Direba aikinsa sanin hanya. Jagora aikinsa sanin tarihin wuri da hukuncin abin da ake yi a cikinsa. Da wuya mutum ɗaya ya haɗa duka biyun, kuma mafi yawan ɓarnar da ke aukuwa a ziyara daga wannan cakuɗawar take tasowa.

Ɗaukar masanin hanya yana da asali a Sunna. Imamul Bukhari ya kawo a babin ijara cewa a lokacin Hijira, Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun yi hayar wani ƙwararren masanin hanya, wanda malaman tarihi suka ambata da suna Abdullahi bin Uraiƙiɗ. A lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa, amma suka damƙa masa raƙuma biyu, suka yi alkawarin haɗuwa a Kogon Sauru bayan kwana 3. Sun amince masa a kan abin da ya ƙware a kai, wato hanya. Ba su nemi sanin addini a wurinsa ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake so alhaji ya riƙe.

Dalilina kuwa shi ne abin da ke faruwa. Wani dattijo daga yankinmu ya taɓa dawowa da ƙullin ƙasa a cikin jaka, ya ce direba ne ya gaya masa ƙasar Uhudu magani ce. Wasu ana kai su Wadil Baida a wajen Madina, a kashe mota ta riƙa gangarawa, a ce musu aljanu ne ke tura ta, alhali yanayin ƙasar ne ke ruɗin ido. Direba neman abincinsa yake yi, kuma labari mai ban mamaki ya fi jawo fasinja. Wanda ya miƙa masa aƙidarsa shi ya cuci kansa.

Wuraren da Sunna ta kwaɗaitar a ziyarta a Madina ba su da yawa: Masallacin Annabi (SAW), da Masallacin Ƙuba wanda aka ruwaito cewa wanda ya yi alwala a gida ya je ya yi salla a cikinsa yana da lada kamar na Umara, da maƙabartar Baƙi'a, da shahidan Uhudu. Baƙi'a tana maƙwabtaka da Harami, da ƙafa ake zuwa. Ƙuba da Uhudu kuwa 'yan kilomitoci ne, ƙaramar tasi ta wadatar. A nan ne amfanin malami ke bayyana. Mutum ya tsaya a gindin tudun maharba, a bayyana masa cewa a shekara ta 3 bayan Hijira aka ajiye mutum 50 a kansa ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, yawancinsu suka sauka kafin a ba su izini, har aka rasa sahabbai 70 ciki har da Sayyidina Hamza. Wanda ya ji wannan a wurin zai dawo gida da darasin biyayya. Wanda ya je da direba kaɗai, hoto zai dawo da shi.

A Makka kuma a kiyaye da hawan duwatsu. Hawan Kogon Hira ko na Sauru ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Kada ɗan Gwaram ya ce ya saba da duwatsun gida. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar fiye da mutum 1,300. Ƙarfin da dattijo zai ɓatar a kan dutse, Arfa da Mina sun fi buƙatarsa.

Wani zai ce ziyarar ayari gaggawa ce, ana kora mutane kamar tumaki, ba a barin kowa ya natsu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban hana ɗaukar mota ba. Mai tsoho ko mara lafiya ko ƙananan yara, hayar mota ta fi masa sauƙi. Sai dai a cika sharuɗɗa. A yanke kuɗi, da wuraren da za a je, da tsawon jira, tun kafin a shiga, domin ijara ba ta inganta sai da sanannen lada da sanannen aiki. A nemi mota mai rajista, ko a kira ta manhaja irin su Uber da Careem inda ake ganin sunan direba da lambar motarsa. Jin Hausa a bakin mutum a bakin titi ba shaidar amana ba ce. Mace kada ta shiga ita kaɗai da direba, kuma namiji ya riga iyalinsa shiga, ya zama na ƙarshen fita. Sannan a tuna guzuri: dala 500 Riyal 1,875 ne kacal, ga abinci ga tsaraba. Mutum huɗu su haɗa kuɗin mota ɗaya, su gayyaci malamin ayarinsu ko ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina daga cikin 'ya'yanmu, su kyautata masa.

Ga ɗalibai kuma, ku karanta wa iyayenku Sira tun a gida kafin su tashi. Wanda ya san labarin Uhudu da Handaƙ kafin ya taka wurin, ba wanda zai sayar masa da tatsuniya.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya karɓi ibadarsu. Allah ne Mafi sani.