RA'AYINMU: Koke Ba Sa Hannu, Magana Ce a Iska

A ranar 4 ga Yuli, 1776, wakilan yankuna 13 na Amurka da ke ƙarƙashin mulkin Ingila suka amince da takardar ayyana 'yancin kansu a birnin Filadelfiya. Ba ihu suka yi a kasuwa ba. Sun zauna sun jera laifuffukan Sarki George na Uku ɗaya bayan ɗaya, ciki har da ɗora musu haraji ba da yardarsu ba. Daga bisani mutum 56 suka rattaba hannu, alhali sun san hukuncin cin amanar sarauta kisa ne.

Mu ma a nan Arewa muna da namu misalin. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ta fitar da Sanarwar Sawaba, inda ta bayyana a rubuce irin danniyar da talaka yake sha a ƙarƙashin Turawa da hukumomin En'e. A nan Sabon Garin Zariya Hajiya Gambo Sawaba ta ɗauki wannan tuta, aka ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kada kuma mu manta: Malam Aminu Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardauna Ahmadu Bello, duk alli suka fara riƙewa kafin tutar Ingila ta sauka ranar 1 ga Oktoba, 1960.

To, mu magadansu fa? Daga Samaru zuwa Sabon Gari, babu ɗakin malamai da ba a kukan jinkirin albashi, da ƙarin girman da ya maƙale shekara da shekaru, da aji mai cunkoso ba benci. Amma da zarar an miƙo takardar koke, sai hannu ya yi nauyi, kowa na tsoron a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauye.

Tsoron nan ba na banza ba ne, domin akwai iyali a gida. Sai dai wanda ya tsaya shi kaɗai ake iya tsincewa. Tsintsiya ɗaure take shara.

Saboda haka muna kira ga kowane memba ya halarci taron reshe mai zuwa, ya zo da kokensa a rubuce, da kwanan wata da hujja, ya kuma sa hannu da cikakken sunansa. Iyalanmu kuwa, ku ƙarfafa mana gwiwa. Yaran da muke koya wa tarihin 'yanci suna kallon yadda muke neman namu haƙƙin.

Allah ya yi mana jagora.