Martani: Ba Kare Kaɗai Ke Jin Ciwo Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce a farauta kare ne ke shan wahala, mai shi kuwa yawon shan iska yake. Wannan maganar wanda bai taɓa bin kare a guje ba ce.

Ka zo Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar, da rani bayan an kawar da amfanin gona. Kare ya tayar da zomo, ya sha kwana nan take da ƙafa huɗu. Mai shi na biye da ƙafa biyu, gora a hannu, ido na kan kare. Ƙafa ta zurma ramin gafiya, gwiwa ta murɗe, sai targaɗe ko karaya. Ban ma zo kan kububuwa ba, ko cizon da ake sha wajen raba karnuka in sun kaure kan nama.

Ko a Ingila, inda aka fara nuna wasan tsallake-tsallaken karnuka a bikin Crufts a 1978, masu gudu tare da karnukan na fama da ciwon gwiwa da idon sawu, alhali a shararren fili suke. To ina ga mai gudu cikin saura da silifas?

Irin maganarka ce ke sa matashi ɓoye ciwo, ya tsaya ga mai ɗori, alhali ɗori ba ya haɗa tsinkakkiyar jijiyar gwiwa. Shugabannin mafarauta, wanda gwiwarsa ta kumbura ku tura shi asibiti. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu, a kai shi allurar rigakafin haukan kare a ranar.