Ra'ayinmu: Jagoran Wasa da Kayan Aro

A shekarar 2024 mutane fiye da 70,000 suka hallara a birnin Indiyanafolis na Amurka domin taron Gen Con, wanda Gary Gygax ya fara a 1968 a ɗan garin Lake Geneva da kimanin mutum ɗari. Abin da ke tara su shi ne wasannin kan tebur, uwa-uba Dungeons & Dragons, wanda shi Gygax ɗin da Dave Arneson suka fitar a 1974. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ya yi kama da tatsuniya, sai dai masu saurare su ne taurarin labarin. Mutum guda, wato jagora, shi ke shimfiɗa labari, sauran kowa ya faɗi abin da gwaninsa zai yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido, wata mai fuska har ashirin, ta yanke hukunci.

To, a kan wannan jagora muke son yin magana, domin shi ne jakin taron. A gida yana wasa da abokansa, ya san halin kowa. A wurin taro kuwa, baƙi biyar ko shida za a zaunar masa, galibi a ba shi sa'a huɗu, kuma lalle labari ya kai ƙarshe kafin a tashi. Tilas ya zo da taswira, da takardar bayanin kowane gwani a cike, da lissafin ƙarfin kowane dodo. Kwana da kwanaki yakan yi yana wannan shiri, sau da yawa ba ko sisin kwabo.

Ba abin mamaki ba ne da 'yan kasuwa suka gano shi. Roll20 ya fito a 2012, D&D Beyond a 2017, kuma kamfanoni irin waɗannan sukan kafa rumfunansu a tarurruka suna nuna yadda kwamfuta ke gama aikin mako a yini. Ba za mu yi musun amfaninsu ba. Dokar da a da sai an buɗe littafi uku a same ta, yanzu tana fitowa kafin ƙiftawa da bismilla, kuma sabon shiga da yawan lissafi ya firgita yakan sami ƙarfin halin zama jagora.

Amma akwai abin da mai rumfa ba ya faɗa. Littafin da mutum ya saya a 1974 yana nan a hannunsa ko hannun jikansa. Wanda ya saya a intanet kuwa yana zaune ne a ma'ajiyar kamfani, izinin karatu kawai aka sayar masa. A 2022 kamfanin Hasbro, uwargijiyar Wizards of the Coast masu wasan, ya sayi D&D Beyond a kan dala miliyan 146.3. A watan Janairu na 2023 sai asiri ya tonu cewa suna shirin soke lasisin shekarar 2000 wanda ya ba ƙananan marubuta damar wallafa labaransu bisa dokokin wasan. Sai da jama'a suka yi ta janye kuɗin rajistarsu kafin kamfanin ya ja da baya. A Agustan 2024 ma aka so a sauya wa mutane tsofaffin bayanan tsafi da ke cikin takardun gwanayensu da sababbi, aka sake yin ca, aka sake fasawa. Sau biyu ke nan cikin shekara biyu, ga kuwa Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna kira ga masu shirya irin waɗannan tarurruka da kada su bar talla ta tafi ita kaɗai. Duk kamfanin da aka ba rumfa, a sa shi ya bayyana a fili ko jagora zai iya kwashe aikinsa ya buga a takarda, da kuma abin da zai same shi ran da ya daina biyan kuɗin wata. Kada kuma a wajabta wa kowane jagora wata manhaja kafin a ba shi tebur.