An saka roba, ido ya yi fari: warkewa ce ko sauƙi?

Yau batun shawara ne, amma ba wadda muka saba ba.

A wajenmu, da idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a jiƙa sassaƙe, a hana shi mai da nama. Wata ɗaya, wata biyu, ana jira. Alhali akwai shawarar da babu jiƙon da zai taɓa ta: wadda ƙari ya toshe hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji. Sau da yawa kansa ce a kan pankireyas ko a cikin hanyar kanta. Alamominta: fitsari ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayi mai hana barci, ga rama. Dattijon da ya haɗa waɗannan, ekografi ya kamata a yi mishi cikin satin, ba a kai ga wata ba.

In an makara, lokotoro kan ba da shawarar saka ƴar roba ko ƴar ragar ƙarfe cikin hanyar don ruwan ya wuce. Cikin ƴan makonni ido ya washe, ƙaiƙayi ya lafa, maras lafiya ya nemi tuwo. Gida ya cika da hamdala. To, nan ne muke son mu tsaya.

Robar hanya ta buɗe, ba ta cire ƙarin ba. Kansar pankireyas, kusan mutum 1 cikin 5 ne ake samu tun ana iya opirasiyo a cire. Saura, rayuwar da ke gaba galibi da watanni ake ƙirga ta, ko da yake wa'adi na Allah ne. Ita ma robar tana toshewa, ta roba kusan wata 3, ta ƙarfe takan fi daɗewa. Zazzaɓi da rawar ɗari ko dawowar ɗorawar ido na nufin a koma lopital a ranar.

Shin aikin banza ne? Ko kaɗan. Mutum ya yi barci, ya ci abinci, ya yi salla da kanshi, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma sai shawarar ta sauka ake iya fara shimiyo, irin wadda ake yi a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai.

Abin da ba mu yarda da shi ba, ɓoye gaskiya. A yi bayani da faransanci a bakin ƙofa, babban ɗa ya gyaɗa kai, a koma gida a saida gona da bisashe, a ɗauki hanyar Kano ko Tunis da zaton warkewa za a sayo. Shi kuwa mai ciwon, ba wanda ya tambaye shi. Wataƙila yana da bashin da zai biya, wasiyyar da zai bari, ɗan'uwan da zai nemi gafararshi.

Don haka kafin a sa hannu, mu tambayi lokotoro da Hausa: wannan aikin warkarwa ne ko sauƙi? Wata nawa robar za ta yi? In ta toshe, ina za mu je, kuma jika nawa?

Ku fa, in ku ne, kuna son a gaya muku? Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.